Ranar da Goggo Takko Ta Ƙara Ruwa

Duk wanda ya taɓa shan nono a bakin tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya san Goggo Takko, in bai san sunanta ba ya san ƙwaryarta. Ni kam na san ta fiye da yadda take so a san ta, domin tun da sauran ƙuruciyata nake toya fanke a gefenta, ƙarƙashin mangwaro guda, hayaƙina na shigar mata ido tana ta sababi. Ni Babarbariya ce, ita Bafulatana, don haka ranar da ba mu taɓa ba, to ɗayarmu ba ta da lafiya. Sunana Kellu, amma ita "baiwa" take kirana, ni kuma in ce mata "'yar daji". Haka muka tsufa tare.

Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya ciniki ba ko kaɗan. In ka taya ƙasa da abin da ta faɗa, sai ta mayar da faifai ta rufe ƙwarya, ta kalli wani wuri kamar ba ka nan. Amma za ka dawo, don duk layin babu mai nono irin nata. Kindirmonta in ka kafa ludayi tsayawa yake yi. Ma'aikatan jirgin da ke gangarawa kudu har galan suke kawowa a cika musu su kai wa iyali.

A wata ruga wajen Tinyer aka haife ta. Abin da ta gada a wurin uwarta, ban da ƙwarya da maburgi, magana ɗaya ce: hannun da ya zuba ruwa a madara shi ke ƙafar da hantsar saniya. Ta riƙe maganar nan kamar karatu. Ta yi aure, ta sha ƙaura da shanu, ciwon huhu ya shiga garken ya share shi, mijin bai daɗe ba ya bi bayan shanunsa, ta dawo gefen gari da 'yarta guda tana sarar madara a hannun makiyaya. Duk wannan bai sa ta saki maganar uwarta ba. Ina tuna wani rani mai tsanani da madara ta yi wuya. 'Yan uwanta masu nono kowacce ta san dabarar da take yi, a jiƙa kuka, a ƙara ruwa, ƙwarya ta cika fal. Ita kuwa rabin ƙwarya take kawowa, kafin hantsi ya ƙare ta kife ta, ta zauna tana taya ni korar ƙuda har la'asar. Na ce mata ludayi biyu na ruwa dai ba zai kai ta wuta ba. Ta ce ai shi ya sa Barebari ba su da shanu.

In makiyayi ya kawo mata madara ba ta tambayarsa komai. Ɗigo ɗaya take ɗorawa a farcen babban yatsa. In ya tsaya cak ta saya, in ya gangare ta miƙa masa jarkarsa, shi ma ya san ya gama sayar mata ke nan.

'Yar tata Dudu ita ce ta fari, kuma ita kaɗai ta rayu. Saboda fulako ban taɓa jin Goggo Takko ta kama sunanta ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar gidanmu", amma kullum akwai ɗan curin man shanu da take ɓoye mata a ƙarƙashin faifai, kuma ko sefa nawa ka bayar ba za ta sayar maka ba. Dudu ta auri Hamajoda, yaro mai hankali, mai aikin loda shanu a jirgi. Ta haifi mace, jini ya ɓalle mata, ba ta ga ranar suna ba. Ban ga hawayen Goggo Takko ba a zaman makoki. Da aka watse ta dawo gindin mangwaro da ƙwarya a ka, jaririya a baya, ta ce in kawar da kaskona can gefe kada hayaƙi ya taɓa mata jika. Sunan yarinyar Habsatu, amma Petel kowa ke ce mata, wato ƙarama.

Ita kakar madarar saniya ta so ba ta, ma'aikaciyar asibiti ta ce a'a, cikin jaririya bai kai ba, sai ta gwangwani. Goggo Takko ta bi, ba don ta yarda ba. Takan ce wannan gari ne kawai da bai taɓa ganin saniya ba.

Sai aka raba aiki. Hamajoda ya ce ba zai iya kwana ba 'yarsa a kusa da shi ba, don haka dare nasa ne, rana ta kaka. To amma tsakaninsu akwai surukuta, kuma ta Fulani ba irin tamu ba ce. Ba sa haɗa ido, ba sa zama inuwa ɗaya, ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba tun da ya auri 'yarta. Da safe ya zo ƙofar gida ya yi gyaran murya, ya kwantar da Petel a tabarma tare da jakarta, ya juya. Da yamma ita ma ta ajiye ta nan ta shige ɗaki. In akwai saƙo, ni ake ba wa, don Babarbariya ba ta san kunya ba in ji su.

Yarinya ta fara wayo ke nan sai rana ta zame mana tashin hankali. A sa mata bulumboti a baki, ta zuƙa sau ɗaya sau biyu da zafin nama kamar za ta cinye robar, sai ta tunkuɗo ta da harshe, ta banƙare, ta tsala kuka. A cire ta yi kuka, a mayar ta yi kuka. Barci kuwa babu shi. In ta gaji ta ɗan lumshe ido a bayan kakarta, kafin in kwashe fanke daga mai ta farka a firgice. Bayan gida ya gagare ta, sai ta yi ta nishi fuska ta yi ja, abin da zai fito ɗan ƙanƙani mai tauri kamar na awaki. Leɓenta ya bushe, maɗigarta ta fara faɗawa.

Babu abin da Goggo Takko ba ta gwada ba. Ta ce hayaniyar tasha ce, ta koma bayan shagon mai shayi inda babu kowa. Ta ce robar ce yarinya ba ta so, ta nemo ɗan mitsitsin ludayi tana ba ta da shi. Ta karɓo rubutu, ta ɗaura mata laya, ta sa na turara musu zani da turaren da ba na ba kowa. Na ga tsohuwar nan da gwiwarta mai ciwo tana safa da marwa a bakin titin jirgi daga hantsi har azahar, tana jijjiga goyo tana yi mata waƙar da ake yi wa maruƙa, nononta na can a rufe masu saye na juyawa. Wasu tsofaffi suka ce a yi mata ɗura kawai, ta ce ba za a toshe wa marainiya hanci a gabanta ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne labarin da ke fitowa daga gidan Hamajoda. Matan gidan hayar suka ce da dare yarinyar shanye kwalba take yi tas, ta yi gyatsa, ta yi barcinta. Kun san bakin mutane. Aka fara cewa jinin kaka da jika ne bai haɗu ba, wasu suka ce yarinyar tana jin ƙanshin uwarta a jikin tsohuwar ne shi ya sa take ƙi. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza, amma ban san ta inda zan kama ba. Goggo Takko ta ji duk abin da ake faɗa, ta rame ta ƙara tsawo.

Ana cikin haka yayar Hamajoda, Adda Dija, ta iso daga Garwa. Ba muguwa ba ce, ta ga 'yar ƙaninta tana lalacewa ne. Ta zo gindin mangwaro ta durƙusa ta gaishe da Goggo Takko yadda ya kamata, sannan ta ce tsohuwa ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka, amma za ta tafi da Petel ranar Juma'a in an sauko, gidanta akwai 'yan mata masu raino. Ɗa na dangin uba ne, babu mai musu a kan wannan. Goggo Takko ta ce to. Bayan baƙuwar ta tafi ta daɗe tana kallon ƙwaryarta, sannan ta ce, ba ma da ni take ba, "In ta tafi, me ya rage mini na waccan?"

Washegari Hamajoda ya makara, garin sauri ya bar sauran madarar asuba a kwalba cikin jaka. Goggo Takko ta ɗaga kwalbar za ta wanke, sai ta tsaya. Ta girgiza ta. Ta ɗiga a farce, ɗigon ya gangare. Ta ɗanɗana. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Baiwa, tashi ki je ki same shi. Ki ce in kuɗin gwangwani ne suka gagare shi, ina da 'yan kunne. Ki ce ruwan ɗaurayar ƙwarya yake ba marainiya, Allah yana gani."

Na rufe kaskona na tafi turken da ake loda shanu. Na same shi cikin kashin shanu har gwiwa, na isar da saƙo ban rage ko harafi ba, don ni ma raina ya ɓaci. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce wallahi yadda aka nuna masa a asibiti haka yake yi, ruwa zuwa zanen da ke jikin kwalba, cokali a shafe bakinsa. Sannan ya tambaye ni a hankali yadda Inna, wato surukar tasa, take haɗa tata.

Ai kuwa a gabana take haɗawa kullum. Garin a tula shi a cokali har ya yi tozo, ruwan kuwa tana zubawa tana kallon launi, da zarar ya yi fari mai kauri irin wanda zai tsaya a farce sai hannunta ya tsaya. Ina cikin faɗa masa na gane inda matsalar take. Shi ma ya gane. Ya share gumi da hularsa ya ce, "Ya Kellu, ni ba zan iya aika mata da wannan ba. Ko a bakinki ba zan iya cewa Inna ta yi kuskure ba."

Duba mini wannan al'amari. Mutum biyu suna son yarinya ɗaya kamar ransu, kullum suna miƙa wa juna ita a kan tabarma, amma kunya ta hana ɗaya ya ga yadda ɗaya ke haɗa kwalba.

Ban gaya mata da bakina ba, na san za ta ce me Babarbariya ta sani a kan madara. Cewa na yi ta raka ni asibiti a duba maɗigar yarinya. Ma'aikaciyar 'yar kudu ce, Fulatancinta na kasuwa, amma tana da haƙuri. Ta duba Petel, ta sa Goggo Takko ta haɗa a gabanta, ta kalla har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta ce wannan madara ba ta saniya ba ce, an ƙafar da ruwanta ne gaba ɗaya aka bar gari, kuma sai an mayar mata da ruwan nan cif kafin cikin jariri ya iya ɗauka. In ta yi kauri, ƙishirwa take sa wa, ta ɗaure ciki, yaro ya nemi sha a ba shi abin da zai ƙara masa ƙishi. Ta ce kukan da Petel ke yi na ruwa ne. Ta ce Allah ya sa an zo da wuri, kuma madarar daren ce ta riƙe ta har yau. Ta ɗaura zare a jikin kwalbar daidai inda ruwa zai tsaya, ta ce in yarinya ta ƙi sha ko ta yi laushi a dawo da ita maza.

Goggo Takko ta goya Petel muka fito, muka kama hanyar gindin mangwaro. Na saci kallonta a hanya, tausayi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Da rowa ce ta sa ta cuci jikarta, da da sauƙi, sai ta daina. Amma abin da ta fi taƙama da shi a duniya ne, abin da ta yi yunwa saboda shi, shi ne yake ƙona cikin 'yar Dudu, kuma da hannunta take ba ta, da bisimilla.

Rana ta take, layin masu nono ya cika, jirgin kudu ya kusa tashi, Petel ta fara kukan nan nata da ya dishe. Goggo Takko ta kwance ta ta ɗora a cinya, ta ciro kwalba da filas ɗin dafaffen ruwa. Na ce ta kawo in haɗa mata, ni ba ni da shanun da za su ƙafe, ko kuma mu zaga bayan shagon mai shayi inda babu ido.

Ta ce, "In ke kika zuba yau, gobe wa zai zuba?"

Ta fara tsiyaya ruwa. Da ya kai inda ta saba tsayawa, hannun ya tsaya da kansa, na gani da idona. Zaren yana can sama. Kada wani ya ɗauka bayanin 'yar kudu ya goge mata maganar uwarta. Ko kusa. Na san ta, a lokacin nan ta yi imani har cikin zuciyarta cewa wata hantsa za ta ƙafe a wani garke, albarkar da ta tara tun tana budurwa za ta tsiyaye, kuma za ta amsa tambaya a kai. Da wannan imanin a ranta ta sake karkata filas, ruwa ya hau, ya hau, har ya taɓa zare. Ta ɗebi garin, ta shafe bakin cokali da bayan wuƙata, ta zuba, ta girgiza. Ta ɗaga kwalbar sama, rana ta ratsa ta.

Wata daga cikin masu nonon ƙasan layi, wadda ta daɗe tana jin haushin yadda ake wuce ƙwaryarta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ashe dai da rabon mu gani. Yau ga Takko tana ƙara ruwa."

Goggo Takko ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina ƙarawa. Matso ki gani da kyau, ki ba wanda bai zo ba labari."

Babu wadda ta yi dariya. Ta sa wa Petel robar a baki. Yarinyar ta zuƙa, muka jira ta tunkuɗo, ba ta tunkuɗo ba. Ta ci gaba da sha, maƙogwaronta na motsi, ɗan hannunta ya kama yatsan kakarta, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Fankena ya ƙone a mai ban sani ba sai da mai shayi ya yi magana. Ta shanye tas. Goggo Takko ta ɗora ta a kafaɗa, ta yi gyatsa irin ta ƙato, aka goya ta, kafin a gama ɗaura majanyi kanta ya langaɓe.

Ni na haifi 'ya'ya na yi jikoki, na ga barcin yara iri-iri, amma ban taɓa tsayawa kallon barci kamar ranar ba. Jirgi ya yi kuka ya tashi, ba ta motsa ba. Ita kuwa tsohuwar ta ƙi zama kada ta tashe ta, ta jingina hannu da mangwaro ta tsaya a kan gwiwar nan mai ciwo har inuwa ta juya. Wanda ya zo sayen nono sai ta nuna masa ludayi da haɓa ya auna da kansa. Tsigar jikina tashi take yi in na tuna. Na sha jin labarin jarumai, amma ni wadda na gani da idona ita ce wannan siririyar mata da ta karya abin da ta gina tun tana yarinya, a tsakiyar kasuwa, da rana tsaka, ba ta nemi wanda zai riƙe mata hannu ba.

Kafin Juma'a leɓen Petel ya yi laushi, cikinta ya saki, kukan ya koma na yara masu lafiya, na yunwa da na jiƙa zani. Ba wai ta zama waliyyiya ba, wani yinin takan yi rigimarta, amma tana sha tana barci. Goggo Takko ba ta aika da saƙo ba, ba ta roƙi kowa ba. Ranar Juma'a da safe ta wanke kayan yarinyar, ta ninke, ta ɗaure su a ɗankwali tare da gwangwani da kwalbar mai zare, don an riga an yi magana kuma ta ce to.

Da aka sauko daga masallaci sai ga Hamajoda da Adda Dija, motar Garwa na jira a tasha. Suka tsaya daga nesa, a rana, don shi ba zai shigo inuwar da take ba. Goggo Takko ta juya musu baya yadda ta saba, kuma da ta juya sai ga fuskar Petel tana kallonsu, kunci a manne da bayan kakarta, baki a buɗe, miyau na zuba, tana barci kamar ba za a mutu ba. Ƙullin kayan yana ajiye a kan tabarma inda hannu zai kai.

Adda Dija ta daɗe tana kallo. Ta dubi ƙaninta, ba ta taɓa ƙullin ba. Shi kuma ya cire hula ya mayar, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ya Kellu, ki gaya wa Inna, in ta yarda, yarinya tana nan a hannunta."

Ban buɗe baki ba, ai ta ji. Na ga kafaɗunta sun motsa, na ga ruwa yana bin kuncinta yana ɗiga a haɓa, ba ta share ba don hannayenta biyu na tallabe da goyo. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baiwa, ki ce masa ya rage murya. Yanzu ta samu barci."